Me yasa sai da jini? Muhawara akan gicciye da gafarar zunubi

Rifkatu:
Salama gare ku 'yan'uwa. Ina da tambaya, kuma dan Allah kada wani yace Rifkatu ta fara ja da baya, tambaya ce kawai. Tunda Allah mai iko duka ne kuma mai jinƙai, me ya hana yace na yafe muku shikenan, sai da Yesu ya sha wannan azabar ya mutu? Mu an ce mu yafe har sau bakwai ɗin saba'in bamu nemi jinin kowa ba. Ko a Luka 15 ma uban ɗan nan da ya ɓatar da dukiya ai bai ce sai an yi hadaya ba kafin ya rungume shi, maraƙin da aka yanka na biki ne, bayan an riga an yafe. To ya zancen yake?

Danladi:
Ƙanwata amsar na nan a Ibraniyawa 9:22, in ba a zubar da jini ba babu gafara. Allah mai ƙauna ne amma mai adalci ne kuma, hakkin zunubi mutuwa ne inji Romawa 6:23. Ki ɗauka alƙali ne aka kawo masa mai laifi, bazai iya cewa tafi abinka ba sabida doka, sai ya ɗauko ɗansa ya ɗora masa hukuncin ya saki mai laifin. Abinda ya faru a gicciye kenan.

Istifanus:
Haba Danladi. Wannan misalin alƙalin da muke ta maimaitawa tun muna ajin Lahadi, ka taɓa zama ka duba shi da kyau kuwa? Alƙalin da zai saki ɓarawo ya ɗaure ɗansa da bai ci ba bai sha ba, kai in a gabanka akayi zaka kira shi mai adalci? Ai zalunci biyu yayi. Karin Magana 17:15 tace wanda ya wanke mai laifi da wanda ya kayar da marar laifi duk abin ƙyama ne ga Ubangiji. Ezekiyel 18:20 kuma tace ɗa bazai ɗauki laifin uba ba, uba bazai ɗauki na ɗa ba. Sannan zancen jinin ma, je ka Littafin Firistoci 5:11, talakan da bashi da halin ko kurciya biyu an yarda ya kawo gari, firist yayi masa kafara a gafarta masa. Ina jini a gari? A Markus 2 Yesu yace wa shanyayyen nan an gafarta maka zunubanka, lokacin ko zancen gicciye ba'a fara ba. Bawai ina musun gicciye bane, ina cewa amsar nan taka bata ƙosar ba.

Danladi:
To kai yanzu so kake kace Yesu ya mutu a banza kenan

Mama Saratu:
Danladi ɗana, bai ce haka ba, kada ka saka masa magana a baki. Yarinyar nan tayi tambaya mai kyau, ni da furfurata akwai ranar da nake tambayar kaina haka. Ku bari Malam Ayuba da Fasto su shigo.

Malam Ayuba:
Nagode Mama. Zan ɗan tsawaita, ku yi haƙuri dani.

Sai mun fara daga Littafin Firistoci 16 in muna so mu gane yaren da Sabon Alkawari yake magana dashi. Sau ɗaya a shekara, Ranar Kafara, ake kawo bunsuru biyu a jefa musu ƙuri'a. Ɗaya a yanka, babban firist ya shiga bayan labule da jinin, cikin Wuri Mafi Tsarki inda ba mai shiga sai shi, shima sai ranar, ya yayyafa akan murfin akwatin alkawari. Na biyun ba'a yanka shi. Firist ya ɗora hannuwansa biyu a kansa, ya furta laifofin jama'a duka, a kora shi jeji. Ku lura abu biyu ake nunawa, wankewa da ɗaukewa. Kuma a 17:11 Allah cewa yayi ni na baku jinin akan bagade, domin rai yana cikin jini. Wato ba mutane ne suke lallashin Allah mai fushi da kyauta ba kamar yadda ake yiwa gumaka, shi da kansa ya bada hanyar. Wannan ya kamata mu riƙe.

Marubucin Ibraniyawa kuma bai ɓoye ba, a 10:4 yace jinin bijimai da awaki bazai taɓa kawar da zunubi ba, in da yana kawarwa da ba'a riƙa maimaitawa duk shekara ba. Dawuda ma a Zabura 51 yace ba hadayar ƙonawa kake so ba, karyayyar zuciya ce. Don haka Istifanus na da gaskiya cewa ba ruwan jinin kansa ne yake da wani sihiri ba.

Yanzu tambayar yaya mutuwar Almasihu take ceto, ikkilisiya bata taɓa tsayar da bayani guda ɗaya tace shine kaɗai ba. Shaidar bangaskiya ta Nikiya, wadda aka fara a 325 aka cika a 381, cewa kawai tayi domin mu da cetonmu ya sauko, aka gicciye shi dominmu a zamanin Bilatus. Bata ce ga yadda lissafin yake ba. Malaman ikkilisiya na farko-farko irinsu Ireniyus a ƙarni na 2 da Atanasiyus na Iskandariya a ƙarni na 4 sun fi ganin abin a matsayin yaƙi da magani, Adamu ya faɗi, Almasihu ya shiga jikinmu ya bi hanyar daga farko da biyayya, ya shiga mutuwa ya karya ta daga ciki. Wasu suka ɗauki Markus 10:45 inda yace ya bada ransa fansa domin mutane da yawa, suka tambaya to wa aka biya? Orijin, wani malamin ikkilisiya na da, yace Shaiɗan. Giregori na Nisa har yace jikin Yesu kamar abincin da ake sawa a ƙugiya ne, Shaiɗan ya haɗiye bai san allahntaka na ciki ba. Abokinsa Giregori na Naziyanzus yace a'a, ya za'ayi a biya ɗan fashi lada? Kunga gardamar nan ba yau aka fara ba.

Sai Anselim, babban bishop na Kantabari a Ingila, ya gama littafinsa a 1098 akan dalilin da yasa Allah ya zama mutum. Shi yace Shaiɗan bashi da hakkin komai, bashin na Allah ne, mutum ne ya kamata ya biya amma bazai iya ba, Allah ne zai iya amma ba shi ake bi ba, dole sai wanda yake Allah kuma mutum. Abelad a Faransa, wanda ya rasu 1142, shi kuma ya fi ƙarfafa cewa gicciye nuna ƙauna ne mai narkar da zuciya har mutum ya juyo, Romawa 5:8. Masu gyaran ikkilisiya a ƙarni na 16, musamman Kalbin, suka sa shi a yaren kotu, Almasihu ya ɗauki hukuncin da ya kamace mu. Nan misalin Danladi ya samo asali, kuma tun ƙarnin nan wani ɗan Italiya Sosinus ya kawo ƙorafin da Istifanus ya kawo yau, kusan kalma da kalma.

Ni ra'ayina duk suna da ayoyi a bayansu, matsala tana zuwa ne in ka ɗauki ɗaya ka jefar da sauran.

Rifkatu:
Malam nagode sosai, na ƙaru, amma gaskiya tarihin ka bani, tambayata na nan. Me yasa bai yafe kawai ba?

Fasto Iliya:
Salama. Ɗiyata kin kyauta da baki yarda an wuce ba.

Inda misalin alƙali ya karkace shine ya sa mutum uku a ciki, alƙali da mai laifi da wani bawan Allah da aka jawo daga gefe. Koyarwar Kirista bata da na ukun nan. 2 Korantiyawa 5:19 tace Allah ne cikin Almasihu yake sulhunta duniya da kansa. Yesu kuma a Yahaya 10:18 yace ba mai karɓe raina daga gare ni, ni nake bayarwa don kaina. Wanda aka yiwa laifin shine wanda ya ɗauka. In kika cire cewa Yesu Allah ne, to Istifanus ya gama damu, gicciye ya zama zalunci tsantsa.

Sannan wannan yafe kawai ɗin, babu shi fa, ko a wurinmu. Dubi Matiyu 18. Bawan nan sarki na binsa talanti 10,000. Talanti ɗaya wajen dinari 6,000 ne, dinari ɗaya kuwa ladan wunin lebura ne kamar yadda Matiyu 20 ta nuna, kinga ana maganar ladan wuni miliyan 60, Yesu da gangan ya faɗi adadin da ba mai iya biya. Sarki yace na yafe. Bawan ya fita yana murna, amma kuɗin ina suka tafi? Baitulmalin sarki ne ya rage. Duk mai yafewa shi yake haɗiye asarar. Uban Luka 15 ɗin ma, rabon gadon da yaron ya cinye bai dawo ba, kuma dattijo ne ya kwasa da gudu a idon jama'a ya tari yaron da ya kunyata shi. Ya biya, sai dai ba yaron ya biya ba.

Istifanus:
Ranka ya daɗe wannan ya fi shiga kai, na yarda. Amma bari in ƙara matsawa kaɗan. Sarkin ya yi asarar kuɗi, bai mutu ba. Allah ba zai iya haɗiye abin a sama can ba, ba ƙusa ba bulala?

Fasto Iliya:
Da zunubi tsakanin mutum da Allah ne kaɗai, da tambayarka tafi wuya. Amma zunubi yana da waɗanda yake taka wa. Ɗauki Dawuda. Ya kwana da matar Uriya, da ciki ya fito ya kira mijin daga bakin daga don ya rufe asiri, mutumin ya ƙi shiga gidansa yace 'yan'uwana na kwance a fili, ya kwana a ƙofar fada. Dawuda ya rubuta wa Yowab wasiƙa a sa shi inda yaƙi yafi zafi a janye a barshi, kuma Uriya da hannunsa ya kai wasiƙar. Da annabi Natan ya tona, Dawuda yace na yi zunubi, nan take Natan yace Ubangiji ya kawar da zunubinka, bazaka mutu ba. Aya ɗaya, 2 Sama'ila 12:13. To ka zama ɗan'uwan Uriya kana tsaye a wurin. Me zaka ce game da Allahn nan? Zaka ce jinin talaka bashi da daraja in sarki ne ya zubar.

Wannan ce matsalar da Bulus yake amsawa a Romawa 3:25-26. Yace Allah ya jingine zunuban da akayi a da cikin haƙurinsa, sai ya gabatar da Almasihu a fili don ya nuna adalcinsa, ya zama mai adalci kuma mai baratar da wanda ya gaskata. Mu kullum tambayarmu me yasa Allah bai yafe ba, Bulus tambayarsa ta ina Allah zai yafe wa irinsu Dawuda ya kuma ci gaba da zama mai gaskiya. Yafewar da akayi a ɓoye a sama, ba wanda ya ga tsadarta, a wurin wanda aka zalunta bata da bambanci da ko in kula. A gicciye Allah ya kira mugunta da sunanta a bainar jama'a, ya kuma tsaya a wurin da waɗanda aka zalunta suke tsayawa, shari'ar ƙarya, shaidun zur, mai mulki da ya san bashi da laifi amma ya wanke hannu. Ban ce na fahimci zurfinsa duka ba, amma nan nake tsaye.

Sani:
Salama alaikum, ni Musulmi ne, abokina ya sa ni a zauren nan tuntuni ina dai karatu ne, yau nace bari in sa baki da izininku. A wurinmu Annabi Adamu ya tuba Allah ya karɓi tubarsa, babu zunubin gado, kuma Alƙur'ani ya maimaita cewa wani rai baya ɗaukar nauyin wani. Annabi Isa kuma a Suratun Nisa'i aya ta 157 ba'a kashe shi ba ba'a gicciye shi ba. Abinda Fasto ya faɗa akan hakkin wanda aka zalunta muma muna dashi, sai dai mu a ranar hisabi ake ɗebo ladan azzalumi a ba wanda ya zalunta. Ba gardama nazo ba, naji daɗin yadda kuke tattaunawa ne.

Malam Ayuba:
Maraba Malam Sani, ka faɗi naku daidai ba ƙari. Kaga inda muka rabu ba akan ko Allah mai jinƙai ne ba, akan wanene Yesu ne. In annabi ne kawai, to maganarka cewa wani baya ɗaukar nauyin wani ta zauna, Ezekiyel ma haka yace. Mu mun gaskata mai bin bashin ne da kansa ya shigo. Yahudawa kuma tasu hanyar daban, tunda Romawa suka rushe Haikali a shekara ta 70 babu hadayar dabba, malamansu suka koyar da tuba da addu'a da sadaka, Ishaya 53 ma da muke karantawa akan Almasihu yawancinsu akan al'ummar Isra'ila suke fassara shi.

Hannatu:
Ni kuyi haƙuri zan kawo wani gefen da yake ci min rai. Duk wannan tauhidin yana da daɗi a rubuce amma kun san yadda ake amfani dashi a ƙasa? Akwai wata 'yar'uwa da na sani, mijin na dukanta har ta daina ji da kunne ɗaya, taje wurin shugabannin majami'arsu aka ce mata ki ɗauki gicciyenki, Yesu ma ya sha wuya bai buɗe baki ba, ki yafe ki koma. Shi kuma ko kiransa ba'ayi ba, ranar Lahadi yana gaba yana waƙar jinin Yesu ya wanke ni. To in koyarwar shan wuya domin wasu haka take haifarwa, mai ƙarfi ya samu gafara kyauta marar ƙarfi ya samu ƙarin duka, ni kam ina da matsala da ita.

Mama Saratu:
Kai, Allah ya isa. Hannatu ki faɗa mata ta fita daga gidan nan tukuna, sauran magana daga baya.

Fasto Iliya:
Mama ta riga ni, kuma waɗanda suka bata shawarar nan sun yi kuskure babba, zan faɗa a gaban kowa. Ibraniyawa 10 tace hadayar sau ɗaya ce tak, ta gama aiki. Ba'a neman wata mace ta zama hadaya ta biyu domin zunubin mijinta, dukan da take sha baya fansar kowa, ƙara masa zunubi kawai yake. Yesu da kansa da wani dogari ya mare shi gaban babban firist bai yi shiru ba, Yahaya 18:23, yace in mugun abu na faɗa ka nuna, in kuwa daidai ne don me ka mare ni? Bulus da aka miƙe shi za'a yi masa bulala a Ayyukan Manzanni 22 cewa yayi doka ta baku izinin dukan ɗan ƙasar Roma ba shari'a? Nan da nan suka ja da baya. Shi Almasihu da ikonsa ya bada ransa, ita ƙwace mata akeyi.

Mijin kuma da yake waƙa, ya karanta Littafin Firistoci 6. Wanda ya cuci maƙwabcinsa sai ya mayar da abin ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, sannan ya kawo ragonsa. Matiyu 5:23-24 tace ka bar baikonka a gaban bagade kaje ka shirya da ɗan'uwanka tukuna. Zakka yace zai mayar ninki huɗu. Kuma bawan Matiyu 18 ɗin nan kada mu manta ƙarshensa, ya fita ya shaƙe wuyan ɗan'uwansa akan dinari 100, sarki ya dawo dashi ya miƙa shi ga masu azaba. Tana iya yafe masa a zuciyarta in Allah ya bata iko, a lokacinta, wannan bai hana ta kai ƙara ba kuma bai wajabta mata komawa ba.

Hannatu:
Da haka ake faɗa daga bagade da abubuwa da yawa sun canza Fasto. Zan tura mata wannan.

Monika:
Ni Katolika ce, ina tare da Fasto akan matar nan ɗari bisa ɗari. Amma kar mu wuce gona da iri har muce wahalar mai bi bata da wata ma'ana. Bulus a Kolosiyawa 1:24 yace yana farin ciki da shan wuyarsa, yana cikasa abinda ya rage na wahalar Almasihu domin ikkilisiya. Mu an koya mana ciwon da baka da yadda zakayi dashi kana iya miƙa shi tare da na Almasihu. Ba wanda ka iya gudu ka ƙi gudu ba.

Danladi:
Anti Monika abinda ya rage kuma? Yesu yace an gama a Yahaya 19:30. Ku ne ma kuke sake miƙa shi hadaya kullum a Mas, sujadarku ta Katolika

Monika:
Danladi ba sake kashe shi mukeyi ba dan Allah, ko babban taron Katolika na Tirent na 1545 zuwa 1563 cewa yayi hadaya ɗaya ce, wanda aka miƙa ɗaya ne, yanayin miƙawar ne ya bambanta. Kuma ayar ba ni na rubuta ba, Bulus ne, kaje ka tambaye shi.

Mama Saratu:
Ku biyun nan ku buɗe wani zaren daban, wannan faɗan ya girmi kakanninku.

Istifanus:
Saura guda ɗaya Malam Ayuba. In Uba da Ɗa nufinsu ɗaya ne a gicciye kamar yadda Fasto yace, me ya kawo kukan Markus 15:34, Allahna Allahna don me ka yashe ni? Wannan ai yafi kama da wanda aka juya wa baya.

Malam Ayuba:
Farkon Zabura 22 yake karantawa, kuma in ka bi zaburar har ƙasa, aya ta 24 tace bai ɓoye masa fuskarsa ba, da ya yi kuka ya ji shi. Wasu malamai suna cewa duk zaburar yake nufi, kamar yadda in ka ɗauko baitin farko na waƙa masu ji sun san sauran. Wasu kuma sunce a'a kada a rage wa kukan nauyi, da gaske ya ɗanɗana abinda mai zunubi yake ji in ya rabu da Allah, suna kafa hujja da 2 Korantiyawa 5:21 da Galatiyawa 3:13 inda aka ce ya zama la'ana dominmu. Ni ina ganin ya ji yashewar har ƙashi a matsayinsa na mutum, amma ban yarda da wa'azin da ake cewa Uba ya tsani Ɗan a sa'ar nan ba, ba ayar da tace haka.

Danladi:
Malam ban ce tsana ba, amma Ishaya 53:10 fa, tace nufin Ubangiji ne ya ƙuje shi. Kuma a Getsamani sau uku yana roƙo a ɗauke masa ƙoƙon, ƙoƙo kuwa a Irmiya 25 na fushin Allah ne. Shahidai nawa suka tafi mutuwa suna waƙa, shi kuwa zufarsa kamar ɗigon jini, in ƙusa ce kawai yake tsoro to Istifanus na Ayyukan Manzanni 7 ya fishi jarumta kenan? Akwai abinda ke cikin ƙoƙon nan da ya wuce bulalar Romawa. Na bar misalin alƙali, amma hukuncin kam ban barshi ba.

Malam Ayuba:
Kar ka barshi, nima ban ce ka bari ba. Ka dai karanta Irmiya 25 ɗin daga aya ta 15 ka ga su wa aka ce su sha ƙoƙon, da dare in na tashi daga aiki sai mu ɗora daga nan.